Yadda zaka yi karatu ya zauna a kanka a jami'a ba sai ka kwana TDB ba

Ƙannena da kuka shiga jami'a bana, da ku da kuka kwana biyu a ciki amma har yanzu karatun yake muku kamar zuba ruwa a kwando, dan Allah ku ɗan bani aron hankalinku. Abinda zan faɗa ni ba wanda ya faɗa min shi da wuri, sai da na sha wuya tukunna.

Shekarata ta farko akwai wani kwas da na kwana uku a jere a aji ina TDB akansa, wato karatun dare har gari ya waye, handawut ne mai shafi kusan sittin, na bishi daga farko har ƙarshe sau huɗu, na ja layi da jan biro na ja da shuɗi har takardar ta koma kamar atamfa, kuma wallahi a raina na gama yarda na iya. Da aka raba takardar jarabawa na karanta tambaya ta farko, ina ganin shafin a zuciyata, na san amsar tana gefen hagu daga ƙasa kusa da inda shayi ya ɗiga, amma abinda aka rubuta a wurin ya ƙi zuwa. Kari-oba na kwaso, wato na faɗi kwas ɗin sai na maimaita shi. Lokaci kam na bayar, sai dai kallon takardar nayi tayi har idona ya saba da ita, ni kuma na ɗauka wannan sabon shine iyawa.

Abinda ya farkar dani a gida na ganshi lokacin hutu, a zauren malamin unguwarmu. Ɗalibi baya zuwa gaban malam sai yayi muɗala'a, ya duba darasin gobe tun yau. In malam ya biya masa, shima sai ya biya malam yaji. Ya koma gefe yayi ta maimaitawa, da daddare suyi muzakara shi da abokan karatunsa, bayan kwanaki ya dawo yayi muraja'a, wato bita. A makarantar allo kuwa ai kun sani, ba'a barin yaro ya wanke allo sai ya kawo abinda ke jiki da ka. Mu da muka tashi a cikin wannan tsari sai muka shiga jami'a muka watsar dashi muka koma kallon takarda. Matakan da zan kawo a nan da yawansu daga can na ɗebo su.

Mataki na farko, a satin farko na samasta, tun kafin lakca ta kankama. Ka zauna da takarda ka rubuta duk kwasakwasan da kayi rajista da yunit ɗin kowanne, wato nauyin da aka bawa kwas ɗin a lissafin sakamako. Wannan lissafin mutane da yawa basa yinsa kuma yana cutar dasu. A tsarin maki biyar da jami'o'inmu na Najeriya ke amfani dashi, 70 zuwa sama shine A kuma maki 5 ne, sai a ninka da yunit, kenan A a kwas mai yunit 3 maki 15 ne, a mai yunit 1 kuwa maki 5 ne kacal. To kaga wanda ya ƙarar da ƙarfinsa akan ƙaramin kwas saboda yana masa daɗi ya bar mai yunit uku ko huɗu sai ƙarshe, da hannunsa ya ja GP ɗinsa ƙasa, wato matsakaicin makinsa na samasta. Bayan haka ka nemi jerin batutuwan da za'a koyar a kowane kwas, yawanci lakcara yana bayarwa ranar farko, shiyasa tsallake lakcar farko kuskure ne babba. Sannan ka nemi tsofaffin tambayoyin jarabawa na shekara uku ko huɗu baya a wajen waɗanda suke gabanka ko wajen masu fotokwafi. Tun yanzu zaka nema, ba sai saura sati ɗaya ba, don su zasu nuna maka irin zurfin da ake so ka karanta.

Mataki na biyu, muɗala'a. Daren da gobe kake da lakca ka ɗauki minti goma sha biyar ko ashirin, ba fiye ba, ka leƙa batun da za'ayi. Kar kayi ƙoƙarin ganewa duka. Ka karanta kanun magana, ka dubi zane da tebur in akwai, ka karanta sakin layi na farko da na ƙarshe, sai ka juya kowane kan magana ya zama tambaya ka rubuta a gefe. In kan maganar yace dalilan hauhawar farashi, kai ka rubuta me ke kawo hauhawar farashi, guda nawa ne, wanne ya shafi Najeriya. Wani malamin jami'a a Amurka, Francis Robinson, ya fitar da irin wannan tsari a 1946, wanda ake kira SQ3R, wasunku sun ganshi a kwas ɗin gama-gari na GST ko GNS sun haddace don jarabawa sun wuce basu taɓa aiki dashi ba. Amfanin muɗala'a shine in ka shiga aji gobe kalmomin ba zasu zo maka a baƙi ba, kunnenka zai riƙa jiran amsar tambayoyin da ka rubuta, ko da kuwa a bayan aji ka samu wuri cikin mutum ɗari huɗu kuma lasifika bata aiki.

Na uku, a cikin lakca ka rubuta da hannunka. Na san yanzu an koma ɗaukar hoton allo da waya da jiran a turo PDF a guruf ɗin WhatsApp, amma ku faɗi gaskiya, hoto nawa ne a wayarku da baku sake buɗewa ba? Ba sai ka rubuta duk kalmar da ta fito daga bakin lakcara ba, ka kama misalan da ya bayar waɗanda babu su a handawut, ka saka alama a duk inda ya maimaita magana ko ya tsaya ya ce ku lura da nan. Ka bar fili a gefen shafi, kamar faɗin yatsa uku, nan zaka rubuta tambayoyi daga baya. Kuma a ranar, kafin ka kwanta, ka sake bin abinda ka rubuta na minti goma ka cike gurbin da ka bari tun maganar tana da ɗumi a kunnenka.

Yanzu ga mataki na huɗu, kuma in ba zaka ɗauki komai a rubutun nan ba to ka ɗauki wannan. Biyawa. In ka zauna karatu, kar ka ce yau sai na gama shafi talatin. Ka yanki ɗan yanki, shafi ɗaya ko biyu, ko batu guda, ka karanta a natse da tambayarka a rai. In ka kai ƙarshe ka kife takardar. Ka kife ta gaba ɗaya, banda leƙe. Sai ka faɗi abinda ka karanta da bakinka ko ka rubuta a wata farar takarda. Zaka ji wuya, zaka ga rabin abin ya gudu, ranka zai ɓaci kaji kamar baka da ƙwaƙwalwa, kuma a daidai nan ne mutane suke komawa tsohuwar hanya saboda sake karantawa yafi daɗi, yana sa kaji kamar ka iya. Ka daure. Wannan wuyar da kake ji lokacin da kake lalubo abu a kanka ita ke kafa shi. In ka gama ka buɗe ka duba me ka manta, me ka faɗa ba daidai ba, ka gyara da wani kalar biro, ka sake kifewa ka sake biyawa. Sai ka kawo shi sannan zaka wanke allo ka wuce gaba.

An gwada wannan fa. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun bawa ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abinda suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma da aka dawo bayan sati ɗaya waɗanda suka biya da ka ne suka fi riƙewa. Jarabawarka kuma ba bayan minti biyar za'ayi ta ba.

Bari na ɗan daɗe akan maganar turanci, don ita ce ciwon da yawancinmu muke ɓoyewa. Da yawanmu daga makarantar gwamnati muka fito, da Hausa aka yi mana bayanin lissafi da kimiyya, kwatsam sai gamu a gaban littafin da wani farfesa ya rubuta wa 'yan ƙasarsa. 'Yan uwanmu na Nijar dake Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai suma haka suke fama da faransanci. Wannan ba abin kunya bane, aiki biyu kake yi a lokaci guda, kana koyon ilimin kana koyon harshen. Abinda ya taimake ni shine biyawa sau biyu. Na farko da Hausa, kamar ina yiwa ƙanwata bayani a tsakar gida, in na kasa faɗa da Hausa to na san ban gane ba, haddar kalmomi kawai nayi. In Hausar ta fita tas, sai na sake rubutawa da turancina, ko da gajerun jimloli ne, don da shi zan amsa jarabawa. Turanci mai sauƙi da ya nuna ka gane yafi dogon turancin hadda, wanda in kalma ɗaya ta ɓace maka a tsakiya shikenan sauran duk sun bi ta.

Sannan ka ware ƙaramin littafi na kalmomi. Amma kar ka riƙa tsayawa akan kowace kalma kana buɗe ƙamus, haka zaka ɓata awa guda a shafi ɗaya zaren maganar ya tsinke. Ka saka mata ɗigo da fensir ka wuce, in ka gama sakin layin ka dawo, wata ma ka riga ka gane ta daga maganar da ke kewaye da ita. Wadda ta maimaitu sau biyu sau uku, ko wadda take kalmar fannin ce, ita zaka rubuta da ma'anarta da jimlar da ka ganta a ciki. Ƙamus kuma ka sauke wanda yake aiki ba data. Ka kuma lura da kalmomin da ake buɗe tambaya dasu, wanda aka ce masa "define" layi biyu ko uku ake nema, wanda aka ce masa "discuss" kuwa ana so ya kawo ɓangarori ya auna su, mutane da yawa sun san amsa amma a nan suke zubar da maki.

Masu lissafi da injiniyarin da kemistiri da akawu, ku naku biyawar da biro ne. Karanta misalin da aka warware ba karatu bane, ka rufe warwarar ka ɗauki tambayar kayi da kanka, in ka maƙale ka leƙi layi ɗaya kawai ka sake rufewa. Masu likitanci da bayoloji ku zana abin da ka ku saka sunayen sassan, sannan ku gwada da littafi.

Mataki na biyar, bita. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, tun a 1885 ya nuna cewa mantuwa tafi gudu a farko-farko, cikin awanni da kwanan farko, daga baya take lafawa. Alarammomi basu jira shi ba, sun daɗe da sanin cewa haddar da ba'a mata tilawa guduwa take. To ka tsara naka haka: abinda ka karanta yau ka biya shi gobe, ka sake bayan kwana uku, sai bayan sati, sai bayan wata. Kowace bita minti biyar zuwa goma ce in ka riga kayi aikin farko da kyau, kuma bitar ma da ka ake farawa, ba da buɗe takarda ba. Tambayoyin nan da ka rubuta a gefen shafi su zaka bi, ka rufe ɓangaren amsa da tafin hannu ka amsa. Ni ina rubuta kwanan wata da fensir a saman kowane batu duk ranar da na bita, da na buɗe na san wanne ne na daɗe ban waiwaya ba. Mai son waya akwai manhajar Anki da take tsara wannan da kanta, amma yankakken kwali da roba ma yana yi, tambaya a gaba amsa a baya, kana layin ruwa ko kana jiran mota kana juyawa.

Wannan bitar ita ke ceton mutum in an shiga yajin aiki. Wanda ƙungiyar malaman jami'a ASUU tayi a 2022 daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, da aka dawo kun ga yadda aka matse komai, ana lakca ana tes ana shirin jarabawa duk a tare. In hakan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, ko awa ɗaya a rana ka riƙe littafanka a gida.

Na shida, lokaci da wuri da waya. Ba kowa ne ɗan dare ba. Ka gwada kanka sati guda ka gani yaushe kanka yafi ɗauka, ni dai bayan sallar asuba zuwa bakwai da rabi babu kamarsa, gari shiru, ba zafi, ba ka buƙatar NEPA, abinda nake yi a awa ɗaya da rabi a lokacin yafi na awa huɗu da daddare. Wannan lokacin ka bawa kwas mafi wuya. Da rana tsakanin lakca da lakca, maimakon zaman ƙarƙashin bishiya, ka shiga laburare, 'yan ABU kuna da Kashim Ibrahim, 'yan Danfodiyo kuna da Abdullahi Fodiyo, 'yan Maiduguri kuna da Ramat, akwai waɗanda har su gama digiri basu shiga ba sai ranar kiliyarans, kuma abin yana min ciwo. A kan katifa a hostel kam kar ka yaudari kanka.

Ka riƙa zaman minti ashirin da biyar zuwa arba'in, ka tashi ka miƙe ƙafa minti biyar, ka sha ruwa, ka dawo. Hutun nan ba na TikTok bane, in ka buɗe minti biyar zai koma hamsin. Waya kuwa, ka kashe data ka jefa ta cikin jaka. In a cikinta handawut ɗin yake to ka sauke shi, ka saka ta a yanayin jirgi, ko in da hali ka buga shi a takarda, kuɗin fotokwafi bai kai kuɗin maimaita kwas ba.

Ƙannena mata masu aure da yara, da samarin da suke haɗa karatu da shago ko tuƙin adaidaita, na san ba ku da awa huɗu a jere. Wannan tsarin ku yafi yiwa amfani, don a gutsure yake, minti ashirin kafin yara su tashi, minti goma ana jiran tukunya, katin tambaya a aljihu. Wata da muka yi aji ɗaya da goyonta take zuwa, ɗaukar muryarta take a waya tana bayanin darasi da Hausa, tana wanke-wanke tana saurare, kuma ta fi da yawanmu sakamako.

Na bakwai, muzakara. Mutum uku ko huɗu sun isa, in kun kai goma ya zama majalisa. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ya karanta kafin ya zo. Ku raba batutuwa, kowa ya tashi ya koyar da nasa ba takarda a hannu, sauran su yi masa tambaya, sai ku ɗauko tsohuwar tambayar jarabawa kowa ya amsa shi kaɗai cikin lokacin da aka ƙayyade ku musanya ku duba wa juna. Tutoriyal ɗin da mutum ɗaya ke tsaye yana zuba ɗari suna kallo, shi mai zubawar ne yake ƙaruwa, ku je in kuna so amma kar ku lissafa shi a cikin karatunku. Abinda duk ya gagare ku ku kai wa lakcara a ofis da ladabi, matambayi baya ɓata, kuma da yawansu suna jin daɗin ɗalibin da ya zo da tambayar da ta nuna ya karanta.

Na takwas, ka wuce handawut. Handawut taƙaitawa ce, shiyasa wani lokaci yake wuyar ganewa, an cire misalai an bar ƙashi. In batu ya ƙi shiga ka nemi littafin fannin ka karanta babin kawai, ka duba jerin babi a gaba ko jerin kalmomi a baya ka tafi kai tsaye inda kake so, littafin jami'a ba'a masa karatun littafin hikaya daga bango zuwa bango. Daga aji uku kuma ka fara saba wa kanka da maƙalun mujallun ilimi tun kafin furojet ya zo maka a ba-zata. Google Scholar kyauta ne, akwai kuma AJOL mai tara mujallun Afirka. Yadda ake karanta maƙala: ka fara da taƙaitawar dake sama, in bata shafi aikinka ba ka barta nan, in ta shafa ka tsallaka ƙarshe ka ga me suka gano, sannan gabatarwa, sai daga baya ka koma tsakiya ka ga ta wace hanya suka bi. Kowace ka rubuta mata layi huɗu da kalmominka, me suka tambaya, a ina kuma da su wa, me suka samu, ina ya shafi nawa aikin. Kuma nan take ka rubuta sunan marubuci da shekara da sunan mujalla da lambar shafi, in ka ce sai anjima zaka wuni kana neman inda ka samo jimla ɗaya ranar da sufabaiza ya tambaya. Masu amfani da ChatGPT, yana iya sauƙaƙa maka bayani ko ya yi maka tambayoyin gwaji, amma yana ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya, duk abinda ya baka ka nemo asalinsa da idonka kafin ka saka a aikinka.

Na ƙarshe, satin jarabawa. Ba'a fafe gora ranar tafiya, in ka bi matakan baya to yanzu ba sabon karatu zaka yi ba, tsofaffin tambayoyi zaka ɗauko ka saka agogo ka amsa kamar kana cikin hol, inda ka gaza nan kawai zaka koma. Ka rubuta takarda ɗaya tal ga kowane kwas mai ɗauke da kanun batutuwa da ƙa'idoji, ita zaka duba da safe, kuma ka barta a waje kafin ka shiga. Daren jarabawa kayi barci, aƙalla awa shida, don a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abinda ka zuba mata da rana, wanda ya kwana yana banka Nescafé da goro ya tsoma ƙafa a bokitin ruwa don kar ya gyangyaɗa zai shiga hol da jan ido ya karanta tambaya ɗaya sau uku bai gane ba. Ƙwayoyin hana barci kuwa dan girman Allah ko kusa kar ku je, na ga wanda daga nan ya fara kuma bai gama makarantar ba. Ka ci wani abu mara nauyi, ka tafi da biro biyu da katin shaidarka da katin jarabawa, in an raba takarda ka karanta umarnin dake sama da duka tambayoyin kafin ka rubuta komai, ka raba lokacin bisa makin kowace tambaya, sai ka fara da wadda kafi iyawa.